Ɗa yana tura kuɗi, uba yana cewa an yashe shi: ina bakin zaren?

Ɗan Zaure:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana ce, musamman masu zaman sulhu a unguwanni da ƙauyuka. Akwai wani ƙorafi da ya zama ruwan dare: uba ya ce ɗansa ya samu aiki ko sana'a ya juya wa gida baya, "ba ya tsinana mana komai". Ɗan kuma ya rantse duk wata sai ya tura kuɗi, har ya ciro waya ya nuna alat. In aka bincika, kowa gaskiyarsa yake faɗa. Wasu su ce rashin tarbiyyar 'yan zamani ne, wasu su ce kwaɗayin iyaye. Ban gamsu da ko ɗaya ba, domin sau da yawa uban ba mayunwaci ba ne, ɗan kuma har gobe durƙusawa yake yi ya gaishe shi. Mene ne uban ke nema wanda kuɗi ba su biya ba? In an zo sasantawa kuma, ta ina ake kamawa?

Mai Garma:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abin da uban ke nema sunansa gandu, ko da bai furta kalmar ba. Duk wanda ya haura shekara 60 a karkarar ƙasar Hausa, ko dai a gandu ya tashi ko ya ga ƙarshensa da idonsa. Har a birni ma, gidajen fatauci da rini da dukanci kusan haka suke tafiya.

Gandu ba sunan babbar gona ba ne kawai. Yarjejeniya ce da ba a rubuta ba, amma kowa ya san nasa. Ɗa, ko ya yi aure, zai fita gonar gandu tun da sassafe har azahar, kwana biyar ko shida a mako, ya danganta da gari. Juma'a hutu ce, wasu wuraren har da ranar kasuwa. Sharar gona, kai taki, shuka, noman firi, maimai, girbi, ɗaurin dami, har a zuba a rumbu, duk da shi. Bayan azahar lokacinsa ne, sai ya wuce gayaunarsa, ɗan filin da uba ya yankar masa. Abin da ya noma a can nasa ne, uba ba ya sa hannu.

Shi kuma uba ba zaman cin banza yake yi ba. Iri nasa ne, fartanya da garma da ladan maƙeri nasa ne. Shi ke ciyar da ɗan da matarsa da 'ya'yansa, shi ke biyan harajin kowane baligi a gidan, shi ke yi masa auren fari tun daga kuɗin gaisuwa har ɗakin da amarya za ta tare. Ragon suna ma nasa ne. In ɗa ya ci bashi ko aka kai shi gaban alƙali, uba ne ke tsayawa.

Da hantsi ya ɗaga za ka hango yara sun nufo gona da ƙwaryar fura a ka. A ajiye fartanya, a koma gindin ɗorawa ko tsamiya (ban da gawo, shi da damina tsirara yake), uba ya fara kurɓa, sannan ludayi ya zagaya daga babba zuwa ƙarami. Haka rumbu: ba mai hawa ya buɗe sai da izininsa, shi ke faɗin dami nawa za a fitar. A gidaje da yawa akan liƙe babban rumbu bayan kaka, samari su tafi cin rani don a rage baki, ba a sake taɓa shi sai ruwa ya sauka ana bukatar ƙarfin noma.

To ka lura da abu guda. A gandu ɗa ba ya "ba" ubansa komai. Ƙarfinsa na gida ne tun asali, uba ne mai rabo. Yau ɗa ya tura naira dubu 30, yana ganin ya yi abin kirki, yana jiran a sa masa albarka. Uban kuwa gani yake an mai da shi mai karɓar sadaka a cikin gidansa. Bai san abin da ake samu ba, ba a shawarce shi ba aka sayi babur ko fili, an dai gutsuro masa abin da aka ga dama. A lissafin uba, albashin nan shi ne gandu, ɗan abin da yaro zai kashe shi ne gayauna. A lissafin ɗa, albashin gaba ɗaya gayauna ne. A nan gizo ke saƙa.

Bazazzagi:

Malam Mai Garma ya faɗi gaskiya, sai dai kada mai karatu ya ɗauka gandu yana nan lafiya lau sai 'yan waya suka zo suka rushe shi. Ya daɗe yana tsattsagewa, kuma ba ta gefen 'ya'ya kaɗai ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 gyaɗa ta zama kuɗi. Gayaunar da a da ba ta wuce ta abin goro da riga ba, sai ga shi saurayi mai himma yana iya fitar da harajinsa da kuɗin aurensa daga cikinta. Duk ɗan da ya iya biyan waɗannan biyun da kansa, igiyar da ke ɗaure da shi ta yi sako-sako. Wato kukan "yaran yanzu ba su tsaya wa gida" kakanninmu ma sun yi shi.

Amma inda abin ya zo a jere shi ne shekarun 1970. Farin 1972 zuwa 1974 ya kwashe rumbuna, magidanta da yawa suka kasa sauke nauyin farko na gandu, wato ciyarwa. A 1975 wata cuta mai tsumburar da gyaɗa ta cinye gonaki, daga nan dalar gyaɗa ba ta sake tsayawa a Kano kamar da ba. A daidai lokacin kuɗin man fetur ke ambaliya, ga ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 har da ariyas. Masinja a ofis ko leburan masaƙa a Kakuri ta Kaduna ko Bompai ta Kano ya wayi gari yana riƙe kuɗin da manomi ba ya gani sai kaka. Sai a watan Satumba na 1976 aka buɗe shirin UPE na firamare kyauta ga kowa. A duba lokacin makaranta: safe zuwa azahar. Lokacin gandu ke nan cif. Iyayen da suka riƙa ɓoye 'ya'ya a lokacin ba tsoron aƙida kaɗai ke damunsu ba, har da tambayar wa zai riƙe fartanya.

A 1979 gwamnatocin jam'iyyar PRP, ta Abubakar Rimi a Kano da ta Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji. Talaka ya yi murna, kuma ya cancanci murnar, don an sha wulaƙanci a kan haraji. Amma a tuna mai unguwa wurin maigida yake zuwa karɓa, ba wurin yaro ba. Da aka soke, ɗaya daga cikin dalilan da ke sa ɗa ya laɓe a inuwar uba ya tafi.

Yanzu dubi uban da ake kawo ƙararsa ko yake kawo ƙara. Galibi haihuwar 1955 zuwa 1970 ne. Ya yi gandu yana yaro, kuma ya ga zamanin da mai takardar kwalejin horon malamai aiki ke jiransa tun bai fito ba. Abin da idonsa ya gani shi ne boko na haifar da albashi. Shi ya sa ya sayar da sa ko ya jinginar da gona ya biya wa ɗa makaranta, kuma a zuciyarsa wannan shuka ce, yana jiran kaka. Bai yi lissafin abin da ya biyo baya ba: tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 da karyewar naira, rage ma'aikata, masaƙun Kakuri da suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000. Ɗan da aka haifa a 1992 ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, ya dawo yana jan Keke Napep ko zaman POS. Wani ma rabin kuɗin makarantar shi ya nema da kansa, aurensa kuma ya san shi zai yi wa kansa. In aka ce masa ya bi uba irin bin gandu, abin da ke ransa, wanda kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba, shi ne: ina gayaunata, ina auren farin?

Uban ma ba ƙeta ce ta hana shi ba. Gonar kaka mai hekta 8, in maza huɗu suka gada ta zama bibbiyu, ban da rabon mata. A sake rabo ɗaya, kowa ya tashi da abin da bai kai hekta guda ba. Me za a yanka a ba wani? A ƙasar Maraɗi da Damagaram ma labarin bai bambanta sosai ba: gyaɗa, fari, ƙarancin gona, sai samari su bazama Kano ko Legas ko Libiya, a koma jiran aike.

Almajirin Zaure:

Allah ya ƙara sani. Bari in taɓo gefen shari'a, don nan ne kowane ɓangare ke ɗauko makami.

Iyaye kan kawo hadisin "kai da dukiyarka na mahaifinka ne". Hadisi ne sananne, Ibn Majah ya ruwaito shi. Amma jumhurun malamai, wato mafi yawansu, ba su fahimce shi da ma'anar mallaka ba. Dalili a fili yake: in ɗa ya rasu ya bar ɗa namiji, mahaifinsa sudusi yake gada, wato ɗaya bisa shida. Da dukiyar tasa ce tun farko, da ba a yanka masa kaso ba. Abin da ke wajibi a mazhabar Malikiyya shi ne ciyar da iyaye matalauta a kan 'ya'ya masu hali, maza da mata, gwargwadon samun kowa: abinci, sutura, makwanci. In uba yana da abin kansa, wajibcin ciyarwa ya faɗi, saura kyautatawa, ita kuwa ba ta faɗuwa. Ta ɗaya gefen, uba yana ciyar da ɗa namiji har ya balaga yana iya nema, 'ya mace har ta tare a gidan miji. Sauran abubuwan gandu al'ada ce, kuma al'ada mai kyau, amma kada a kira ta farilla.

Sai dai ina jan kunnen samari. Tun daga ƙarshen shekarun 1970, da kafuwar Izala a Jos a 1978, da yaɗuwar Islamiyyu da kaset ɗin wa'azi, matasa na kowane ɓangare sun saba da tambayar "ina hujja?". A gaban malami tambaya ce mai kyau. A zauren uba, wanda ya tashi a zamanin da yaro ba ya haɗa ido da babba, fetur ce a kan wuta. Ko kai ke da gaskiyar mas'ala, ba bakinka ya kamata ta fito ba.

Inda aka fi yin kuka daga baya shi ne dukiyar da aka cakuɗa. Ɗa ya gina shago a filin uba, ko ya sayi shanu ya zuba a garken gida, ba shaida. Ran da uba ya rasu, 'yan'uba su ce gado ne, kuma hujja tana hannunsu. Haka uban da ya ce "gonar fadama ta wane ce" amma ya ci gaba da nomanta har ya kwanta ciwon ajali: kyautar ba ta tabbata ba, domin sharaɗinta a karɓe ta a hannu tun mai bayarwa yana da lafiya. In kuma cewa ya yi "bayan raina", ta zama wasiyya, ba a kuwa yi wa magaji wasiyya sai sauran magada sun yarda.

Goggon Yara:

Sannunku malamai. Kun yi ta zancen gona kun manta da tukunya, alhali rabin rigimar a madafi ake dafa ta.

Gidan gandu tukunya ɗaya ce. Matan gida suna karɓar girki bi da bi, uwar miji ke zama da mara ta raba tuwo, ta san kwanon kowa. Shi ya sa in ɗa ya ware ake cewa an raba tukunya. Matar da yau take da shekara 55 ko 60 ta yi wa uwar mijinta daka da surfe da ɗiban ruwa shekara da shekaru, tana haƙuri don ta san layi zai zo kanta. Layin ya zo, sai aka ce amarya gidan haya za ta tare, a wata unguwa, da risho ɗinta ko gas. Ba ta da bakin cewa an cuce ta, sai ta ce yarinyar ba ta da kunya, ko ta mallake mata ɗa. Maganar da uba ke kawowa zaure, sau da yawa a ɗaki aka fara ta.

Na biyu, dukiyar mace ba ta taɓa shiga gandu ba. Kuɗin ƙuli-ƙulinta, furarta, awakinta, nata ne. Don haka ɗa yana ganin ba laifi ya tura wa uwa a ɓoye ta asusun ƙanwarsa. A gidan mace ɗaya da sauƙi. A gidan kishiyoyi kuwa, ranar da ƙamshin nama ya tashi daga ɗaki ɗaya, maigida ya ji kunya a gaban sauran matansa, kuma ba zai manta ba. Abin cefanen gida ya bi ta hannun uba. Na uwa daban, kaɗan, kuma da saninsa.

Ga kayan ɗaki. Da, tallar yarinya ce ke tara su, uwa na sayen kwano da tasa ɗaya-ɗaya tana turawa ƙarƙashin gado. Yanzu yarinya tana makaranta, kayan kuma sun koma gado da katifa da kujeru da firiji. Nauyin ya dawo kan uba, uba kuma ya waiwayi yayyenta maza. Shi ɗan kuma yana can yana haɗa lefe akwati shida, alhali uban da fantimoti guda ya auri uwarsa, ya kasa gane ina kuɗin ke shiga.

Kada kuma a manta da alkunya. In ɗan fari ne, uban ko sunansa ba ya faɗa, bare ya buɗe baki ya ce ba ni. Da akwai masu kai saƙo: kaka, goggo, baffa, aminin uba. Yanzu kaka ta rasu, ɗa yana Abuja, tun da wayar hannu ta shigo a 2001 sai aka ɗauka an huta da ɗan aike. Uba zai kira ya ce "ya aiki, ya iyali, to madalla", ya kashe, buhu kuwa saura tiya uku. Ɗa ya ce ai Baba bai faɗa mini ba. Ba zai faɗa ba har abada.

Ɗan Zaure:

Allah ya saka da alheri, kai ya waye. Saura ta biyun: in an zo zama, yaya ake yi?

Mai Garma:

Kuskuren farko shi ne haɗa su a zama ɗaya tun daga fari. Ɗa zai zauna a bakin tabarma, ya cire hula ko ya sunkuyar da kai, yana zanen ƙasa da tsinke, duk abin da aka faɗa ya ce "haka ne, a yi haƙuri, in sha Allahu za a gyara". A yi fatiha a watse, wata biyu a dawo gidan jiya. A ji kowa shi kaɗai. Mai shiga tsakani ya zama sa'an uban ko wanda ya girme shi, baffa ko amini. In akwai tsami tsakanin uba da surukansa, kada a ɗauko kawu.

Wurin uba kada a tambaye shi nawa yake so, zai ji an raina shi. A ce ya ba da labarin yadda suka yi da nasa mahaifin. Zai lissafo abin da ya yi, kuma da bakinsa zai lissafo abin da aka yi masa: gayauna, haraji, aure. Mai hankali daga nan yake gano gefen da ya rage, ba sai an nuna masa da yatsa ba.

Sannan a yi lissafi da hatsi, kada a yi da naira. Duk adadin kuɗin da aka yanka, musamman tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kafin shekara ya zama ba komai, a sake sabon faɗa. Buhu tiya 40 ne. Gidan mutum goma, manya da yara, yana cin kamar tiya biyu a rana, wato buhu ɗaya da rabi a wata, buhu 18 a shekara. A ce gona ta ba da 11 bayan an fitar da zakka da iri. Giɓi 7 ke nan. In 'ya'ya uku ke samu, a raba gwargwadon ƙarfi, misali 4 da 2 da 1, ba daidai wa daida ba. A saya da kaka, Nuwamba zuwa Disamba, lokacin da galibi ya fi araha, ba a bari sai Yuli ko Agusta ba. In za a ajiye masara ko wake, a shanya su bushe ƙayau, a zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban. Leda ta huje ko hatsi da sauran danshi, an yi asara. Kuma a sauke buhunan a hannun uba, shi zai riƙa aunawa. Wannan aunawar ita ce rabin abin da yake nema.

Aikin damina kuma, tunda ɗa ba zai zo ya yi firi ba, ya ɗauki kuɗin ƙwadago ko taki. Ga masara, malaman gona kan ba da shawarar kusan buhu 8 na NPK 15-15-15 da buhu 2 zuwa 3 na yuriya a hekta. Kaɗan ne ke iya cikawa, amma ko rabi za a sa, lokaci ne abin lura: NPK cikin mako biyun farko, yuriya wajen mako na huɗu zuwa na shida. Wanda ya jira albashin ƙarshen Yuli ya aiko, masara ta riga ta yi rawaya. A aiko tun Mayu. A kuma faɗa a gaban shaida ko kuɗin taimako ne, ko rance, ko haɗin gwiwa da za a raba amfani, don da kaka ake jin "ai na ɗauka".

Wurin ɗa, abu biyu za a nema. Kada kunya ta sa ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, gara buhu biyu da ke zuwa da buhu biyar na baki. Sannan duk babban abu, fili ko mota ko neman aure, uba ya ji kafin a yi, kada ya tsinta a bakin masallaci. Ba dole ya san adadin albashi ba. Matar ɗan ma a sanar da ita abin da aka yanke, in ba haka ba ita za ta ga buhu na fita ta ɗauka asiri aka yi wa mijinta.

Takarda tana ɓata wa dattawa rai, "ni da ɗana sai an rubuta?" Maganar hatsi mai shiga tsakani ya riƙe a wurinsa, a sake zama bayan kowace kaka. Amma gini da fili da dabbobi dole a rubuta, da sa hannun mai unguwa da shaidu biyu, kamar yadda Almajirin Zaure ya yi gargaɗi.

Goggon Yara:

Malam, buhu 18 ɗin nan tsabar hatsi ce fa. Ba niƙa a ciki, ba itace, ba mai da daddawa da gishiri, ba sabulu. In ba a ware wa waɗannan wani abu duk mako ba, uwar gida za ta riƙa ɗiban tiya tana kai wa mai shago a canza mata, buhun da aka lissafa zai kai Agusta ya ƙare tun Yuni, a ce yaro ne bai cika alkawari ba. A sa kuɗin cefane a lissafin tun ranar zaman, kuma a tambayi matan gidan nawa ne, don maza ba su san kuɗin niƙan tiya ba.